Yadda A Ke Raya Tsohon Daɓen Tayil

Zancen kimiyya na yau a kan daɓen ɗaki ne, wani iri wanda maginan Ingila suka yi suna da shi a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi sarauta daga 1837 zuwa 1901. Daɓen nan na tayil ne, watau 'yan falale na gasasshen yumɓu waɗanda a ke jerawa a ƙasa. Da yawansu sun wuce shekara 150, amma masu adana tsofaffin gine-gine sun ga mugun wanki na yini ɗaya ya kan yi musu ɓarnar da duk shekarun nan ba su yi ba.

A 1830 wani mutum mai suna Samuel Wright ya yi rajistar dabarar yin wannan tayil, sa'an nan Herbert Minton, mai masana'antar tangaran a garin Stoke, ya kyautata ta. Zanen da ke jikinsa ba fenti ba ne. A kan danna ɗanyen yumɓu a kan wani abu kamar hatimi, siffar zanen ta lotsa a cikinsa, a cika gurbin da kwaɓin yumɓu mai wani launi, a kankare, a shanya, kana a gasa. Zurfin zanen kaɗan ne, saboda haka in ya cinye ba shi dawowa.

Galibin tayil ɗin nan ba a yi masa rufin gilas irin na faranti ba. Jikinsa cike ya ke da ƙofofi waɗanda ido ba shi gani, kamar randar da ta ke tsattsafo da ruwa. Kuma yawancin daɓen zamanin nan an shimfiɗa shi ne ba tare da an sa abin tare danshi a ƙarƙashi ba. Danshin ƙasa ya kan hau ta cikin ƙofofin, yadda kananzir ya ke hawan lagwani, ya fita ya bi iska. Wannan shi a ke nufi in an ce daɓe yana numfashi.

To, danshin nan ba shi zuwa shi kaɗai, da narkakken gishiri ya ke tafe. In ruwa ya ƙafe, gishirin ya rage fari fat a bisa daɓe, kamar kanwa a bakin tafki da rani. In a sarari ya fito, da sauƙi, sai a share shi a bushe. Wanke shi da ruwa kuwa mayar da shi ciki ne. Amma in an toshe ƙofofin da fenti mai ƙyalli, ko leda, ko darduma mai bayan roba, sai gishirin ya daskare a cikin tayil, ƙwayoyinsa su yi ta girma har su ɓamɓare fuskarsa.

Ga yadda gwanaye su ke yin wankin. Da fari a share ƙura da yashi sarai. Sa'an nan a gwada abin wankin a wani lungu, a jira ya bushe a ga abin da ya yi. In babu illa, a ɗiga sabulun ruwa mara kaifi cikin ruwan ɗumi, a riƙa gogawa da buroshi mai taushi, taki ɗaya bayan taki ɗaya, ana tsane daƙwalon ruwan da tsumma tun bai nutse ba. Ba a kwarara bokiti a kan daɓen. Duhun da a ke gani a tsohon tayil, sau da yawa mai ne da kaki waɗanda aka yi ta shafawa shekara da shekaru, ƙura ta manne musu. Ruwa ba shi narkar da su, sai da man narkar da fenti, shi ma kaɗan kaɗan, da tagogi a buɗe, nesa da wuta. Tabon mai kuwa a kan ɗora masa kwaɓin farar ƙasa, a bar shi ya bushe ya zuƙo man.

Akwai abu uku da a ke gudu. Na ɗaya asid, dangin ruwan batir. Abin da ya riƙe tsohon tayil kwaɓin yashi ne da ƙonannen dutsen alli, asid kuwa cinye alli ya ke yi. Mai son gani da idonsa ya jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemun tsami, zai ga 'yan kumfa suna tasowa, ɓawon yana narkewa. Na biyu buroshin waya, gama yana karce fuskar tayil, guntayensa kuma su bar tsatsa. Na uku injin gurza, wanda ya ke cire fatar da wuta ta ƙarfafa, ya bar na ciki a buɗe yana shan datti.

In tayil ya girgiɗe, a ɗaga shi a hankali, a rubuta masa lamba don ya koma gurbinsa, a dasa shi da kwaɓi irin na asali. Siminti mai ƙarfi ya kan riƙe shi gam, ranar da ƙasa ta motsa sai tayil ɗin ya tsage.

A babban zauren St George na birnin Libaful, wanda aka buɗe a 1854, akwai tayil ɗin Minton wajen 30,000. Ba a daɗe ba aka rufe tsakiyar daɓen da katako, sai loto loto a ke buɗewa jama'a su gani. Wurin da aka rufe yana nan kamar jiya aka shimfiɗa shi, gefen da a ke takawa kuwa ya ci. Majalisar Dokoki ta Landan, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1834, ba ta sami wannan hutu ba. Da zanen wuraren wucewa ya shafe, sai masana'antar Craven Dunnill ta garin Jackfield ta yi dubban sababbi da hannu bisa tsohuwar dabara, aka bar na asali inda za su iya zama. An gama aikin a 2021.

Darasin bai tsaya Ingila ba. A unguwar Ulaya ta birnin Riyad, inda dogon benen Faisaliyya na 2000 da na Mamlaka na 2002 su ke, gine-gine sababbi ne, amma ana yawan shimfiɗa marmara, ita kuwa dangin alli ce, asid yana dusashe ƙyallinta nan take. Yashin hamada kuma da takalmi ya ke kwasowa ya fi marmara tauri, yana gurzarta kullum. Mai aikin goge daɓe a can, in ya shimfiɗa tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, ya yi shara kafin ya sa ruwa, ya kuwa duba abin da ke cikin kwalba kafin ya zuba, ya tsare dukiyar mai gida, ya tsare abincinsa.

Matan ƙasar Hausa da su ke daɓe da tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, sun san wannan tun kaka da kakanni: daɓe shara ya ke so da yayyafi, ba ambaliya ba.