HAƘƘIN JARIRI MARAR LAFIYA A KAN IYAYENSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ba da 'ya'ya ga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan jariri ne idan ciwo ya same shi. Babba in ba shi da lafiya ya kan faɗi inda ke yi masa zafi, ya kuma tashi da ƙafarsa ya nemi magani. Jariri kuwa ba shi da baki sai kuka, ba shi da ƙafa sai ta iyayensa. Saboda haka duk abin da ya kamata ya yi wa kansa ya koma wuyan uwa da uba, kuma amana ce wadda za a tambaye su a kanta gobe Kiyama, kamar yadda za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo.

NEMAN MAGANI DA TAWAKKALI

Waɗansu suna ɗauka cewa zama a ɗaki da yaro yana fama, ana cewa an bar wa Allah, shi ne tawakkali. Wannan fahimta ba ta yi daidai da koyarwar Manzon Allah (S.A.W.) ba. Ya umurci bayin Allah da su nemi magani, ya kuma bayyana cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Haka nan mutumin da ya tambaye shi game da raƙumarsa, ko ya ɗaure ta ko ya sake ta ya dogara ga Allah, an umurce shi ya haɗa biyun, wato ya ɗaure sa'an nan ya dogara. To, in dabba ta cancanci a ɗaure ta, ina ga ɗan mutum? Uban da ya ɗauki ɗansa zuwa asibiti bai fita daga ƙaddarar Allah ba, domin likita da magani duk suna cikin ƙaddarar. Addu'a kuwa ana yin ta tun daga gida har kan hanya har gaban likita. Annabi da kansa ya kasance yana nema wa jikokinsa Hasan da Husaini tsari da kalmomin Allah.

DARASIN UMMU ƘAISI

Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin wata sahabiya, Ummu Ƙaisi 'yar Mihsanu, 'yar'uwar Ukkashatu, tana daga cikin matan da suka yi hijira da farko. Ta shiga wurin Annabi da ɗanta ƙarami wanda ciwon maƙogwaro ya kama, alhali ta riga ta yi masa abin da matan Larabawa suka saba yi, wato ta sa yatsa cikin bakinsa ta danne wurin da ya kumbura. Annabi bai yarda da wannan ba. Ya tambayi dalilin da ya sa mata ke wahalar da 'ya'yansu haka, sa'an nan ya nuna musu wani itacen magani da a ke kawowa daga ƙasar Indiya, wanda ya fi sauƙi ga yaro. A wata ruwaya ta Anas ɗan Maliku, ya kira wannan dannewa azabtarwa, ya hana ta.

Ku duba fa, matar nan ba mugunta ta yi ba, ƙauna ce ta sa ta, kuma al'adar da ta tarar ke nan. Duk da haka daɗewar al'ada ba ta hana a gyara ta ba. A ƙasarmu akwai abin da ya yi kama da wannan ƙwarai, shi ne cire beli ga jariri a cikin kwanakinsa na farko. Beli ba cuta ba ne, halitta ce da Allah Ya yi wa kowane ɗan Adam. Yanke shi ya kan jawo zubar jini ga wanda jininsa duka bai taka kara ya karya ba, ya kan buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, zafinsa kuma ya kan hana yaro kama nono. Haka nan shafa toka ko kashin shanu ko ƙasa a cibiya, da yanke ta da aska marar tsabta, su ne hanyar ciwon nan da ke sandarar da jikin jariri ya ɗaure masa baki. Ƙa'idar shari'a ita ce ba a cutarwa, ba a kuma rama cuta da cuta. Abin da za mu ɗauka daga hadisin nan shi ne barin abin da ke cutarwa zuwa ga abin da masana magani suka tabbatar. Kada wani ya ce zai ɗura wa jariri wani abu a hanci ko a baki da sunan bin hadisi ba tare da shawarar likita ba.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Sanin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Don haka ya kamata kowane mai gida da iyalinsa su san alamun da in an gan su ga jaririn da bai kai wata biyu ba, ba a jiran gari ya waye: ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, jijjiga, yawan barci har ba ya motsi sai an taɓa shi, cibiya ta yi ja tana ruwa.

Shawara ma tana cikinsu, wato idanu da fata su koma rawaya, musamman in ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa. A asibiti ana maganinta da wata fitila mai shuɗin haske. In aka yi jinkiri kuwa ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi da kurumta ko ya kasa zama da tafiya. Ruwan sukari ba ya maganinta. Kafur ɗin da a ke sa wa cikin kayan jariri kuma yana iya tayar da ita ga waɗansu yara, sai a nisantar da shi.

Wani kuskure da ya yawaita shi ne ɗora wa haƙori laifin kowane zawo da zazzaɓi. Fitowar haƙori ta kan sa yaro rigima da dalala, amma ba ta kawo gudawa mai tsanani ko zafin jiki mai yawa. In maɗiga ta faɗa, idanu suka zurma, fitsari ya ragu, to ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Sai a ƙara ba shi nono, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na asibiti bisa ƙa'idar da aka rubuta a takardarsa, a garzaya da shi.

NONO DA RIGAKAFI

Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 233, ya ambaci shekara biyu ga wanda ya so cika shayarwa, ya kuma ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita a kan uba. Malamanmu na Malikiyya sun ba mai shayarwa izinin ajiye azumin Ramadan idan ta ji tsoro ga ɗanta kuma ba wata da za ta shayar da shi, ta rama daga baya ta kuma ciyar. In farilla kamar azumi ta sassauta saboda lafiyar jariri, wane uzuri ne ya rage ga mai sakaci da ita? Likitoci sun tabbatar cewa dakashi, wato nonon farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne garkuwar farko ta jariri, kuma nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Zuma ma, duk da falalarta, ba a ba wanda bai cika shekara ba.

Allurar rigakafi tana farawa tun daga haihuwa, sa'an nan a mako na 6, da na 10, da na 14, ta ƙyanda kuma a wata na 9. Amfaninta ba ɓoyayye ba ne: a shekarar 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta asali, bayan shekaru ana ɗiga wa yara magani gida gida.

Iyaye su riƙa lura da girman yaro kuma. Galibi ya kan yi murmushi wajen wata 2, ya riƙe wuya wajen wata 4, ya zauna tsakanin wata 6 da 9, ya taka tsakanin shekara da shekara ɗaya da rabi. Yara sun bambanta, wanda ya yi jinya kuma ya kan ɗan makara sa'an nan ya cim ma tsaransa. Amma in jinkirin ya yi yawa, ko ba ya juyowa ga sauti, a nuna wa likita, kada a ce aljanu ne a zauna.

IDAN AN YI IYA ƘOƘARI

Ba kowane jinya ke ƙarewa da sauƙi ba. Annabi da kansa an haifa masa ɗansa Ibrahim a shekara ta 8 bayan Hijira. Yana hannun mai shayarwa a gidan wani maƙeri a gefen Madina, Annabi ya kan taka har can, ya shiga cikin hayaƙi ya ɗauke shi ya sumbace shi. A shekara ta 10 yaron ya rasu bai cika shayarwa ba. Idanun Annabi suka zubar da hawaye, ya bayyana cewa wannan rahama ce, bai kuwa faɗi abin da ba ya faranta wa Ubangiji ba. Wannan darasi ne ga mazan da ke ganin jinyar jariri aikin mata ne kawai, ko su ke hana a fita da shi sai sun dawo daga tafiya. Ya kamata mai gida ya bar izini da kuɗin mota tun kafin bukata ta taso. Kuma ta'aziyya ce ga iyayen da suka yi iya ƙoƙarinsu Allah Ya karɓi abinsa: kada su zargi kansu, kada dangi su zargi uwa, ladan haƙurinsu yana wurin Allah.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.