Kafin Ragamar Ƙungiyar Magoya Baya Ta Sauya Hannu

Tun da Todd Boehly da abokansa suka sayi Chelsea a 2022, magoya bayanta suka rabu: masu kewar zamanin tsohon mai ita, Abramovich, da masu cewa a yi haƙuri. Irin wannan gardama ba ta da illa. Abin da ke tarwatsa ƙungiyar magoya baya shi ne shugaba ya gaji ya miƙa wa abokinsa ragama ba tare da shawara ba, sabon kuma ya hau korar duk wanda ya soki koci.

Ku rubuta doka tun ana zaman lafiya. Zagin iyaye, gorin ƙabila ko addini, tallan caca, su ne laifin kora, shi ma sai bayan gargaɗi. Sukar ɗan wasa ba laifi ba ne, ko da ɗan lelen shugaba ne.

Kuɗin karo-karo na riguna kada ya kwana a asusun mutum ɗaya. A WhatsApp kuwa, sauran admin ba sa iya cire wanda ya buɗe zaure. In zai sauka, ya fita da kansa, sannan a dawo da shi a matsayin mamba.