Darasin Kwamfuta: Yadda Awa Guda Ta Rikita Rumbunan Bayanai a Amurka

A Najeriya da Nijar agogonmu ba ya canzawa daga farkon shekara har ƙarshenta. Kullum muna gaban lokacin duniya na UTC da awa ɗaya. A Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa, idan lokacin zafi ya gabato sai a tura agogo gaba da awa guda domin a ci moriyar hasken yamma, idan sanyi ya kusa a mayar da shi baya. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin Kano da New York takan zama awa 6 a wasu watanni, awa 5 a wasu.

A shekarar 2005 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar makamashi wadda ta sauya ranakun wannan canji, aka fara aiki da ita a 2007. A da ana tura agogo ne ranar Lahadin farko ta Afrilu, sai aka dawo da shi Lahadi ta biyu ta Maris. Wato a 2007 an tura shi ranar 11 ga Maris maimakon 1 ga Afrilu, bambancin mako uku ke nan.

Kwamfuta ba ta san an yi doka ba. Tana aiki ne da wani jadawali da aka saka mata mai ɗauke da ƙa'idojin lokaci na kowane yanki. Don haka kamfanoni irin su Microsoft da Oracle suka fitar da gyara, wanda masana ke kira faci, kamar dai facin taya.

To, ina matsalar take? Rumbunan bayanai da yawa suna juya lokaci zuwa UTC kafin su adana shi. Mu ɗauka a 2006 wani asibiti a New York ya rubuta wa majiyyaci ganin likita ranar 20 ga Maris 2007, ƙarfe 9 na safe. A tsohuwar ƙa'ida New York tana bayan UTC da awa 5 a wannan rana, sai rumbun ya adana 14:00. Bayan an saka faci, kwamfuta ta san awa 4 ce tazarar. Ta cire 4 daga 14, ta nuna ƙarfe 10. Facin daidai yake, amma tsohon bayanin ya zama kuskure, majiyyaci kuma zai makara da awa guda.

Matsala ta biyu ita ce jadawalin ba guda ɗaya ba ne. Babbar manhajar kwamfuta tana da nata, rumbun Oracle yana da nasa, Java ma tana da nata. Idan aka gyara ɗaya aka bar sauran, sai su riƙa ba da lokaci mabambanta.

Ta uku ta fi wuya. Bayanan da aka shigar bayan faci daidai suke, waɗanda aka shigar kafinsa ne ke da kuskure. Wanda ya ja su duka baya da awa guda ya gyara wasu ya ɓata wasu.

Saboda haka ƙwararru sukan kwafe bayanai su ajiye tukuna, su ware waɗanda suka faɗa cikin makonnin da doka ta shafa, su gwada facin a wata kwamfutar dabam, sannan su saka shi ko'ina a lokaci guda. Ga alƙawarin da ranarsa ba ta zo ba, ya fi kyau a adana lokacin garin tare da sunan yankinsa.

Tambayar mako: lokacin da likitan yake jiran majiyyacinsa da ƙarfe 9, ƙarfe nawa ne a Kano? A miƙa amsa ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.