Maganin Shaƙa Na Ciwon Fuka Ba Ya Jiran Tuwo

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mun taso muna jin ana cewa kada a sha magani sai an ci abinci. Maganar nan tana da gaskiya, amma ba ga kowane magani ba. Da yake ina cikin masu fama da ciwon fuka, wato asma, na ga ya kamata in bayyana bambancin, domin jinkiri a nan yana iya jawo asarar rai.

Maganin da aka haɗiye yakan sauka cikin tumbi, ya wuce hanji, sa'an nan ya shiga jini. A hanyar nan yake gamuwa da abin da muka ci. Misali, madara da nono suna riƙe tetarasaikilin su hana shi shiga jini sosai. Shayi yana rage amfanin ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Shi kuwa Coartem na zazzaɓin cizon sauro, ya fi shiga jiki idan an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. Akwai kuma ƙwayar fuka mai suna tiyofilin, wadda dangin sinadarin da ke cikin goro da kofi ce. In an haɗa su, zuciya takan yi ta bugawa, barci ya gagara.

To, maganin shaƙa hanyarsa dabam. Sunansa salbutamol, an gano shi a Ingila a 1966, aka fara sayar da shi da sunan Ventolin a 1969. Idan fuka ta tashi, hanyoyin iska na huhu sukan tsuke. Wanda ya shaƙi maganin nan ya aika shi kai tsaye inda ciwon yake, ya saki hanyoyin cikin 'yan mintoci, aikinsa kuma yakan kai awa 4 zuwa 6. Ko cikinka cike yake ko wayam, duk ɗaya ne.

Saboda haka idan numfashin ɗan'uwanmu ya sarƙe, musamman da hunturu lokacin ƙura, kada a tsaya neman koko. A zaunar da shi tsaye da ƙirji, a girgiza kwalbar, ya shaƙi fesa ɗaya a hankali, ya riƙe numfashi kaɗan. Ana iya maimaitawa bayan kowane minti ɗaya har sau 10. In bai sami sauƙi ba, ko magana ta gagare shi, sai asibiti nan da nan.

Iyayenmu kuma ku lura, maganin nan sauƙi yake kawowa, ba ya kwantar da kumburin da ke cikin huhu. Yaron da yake yawan neman sa yana bukatar likita ya ba shi maganin rigakafi. Duk kuwa wanda aka ba ƙwaya, ya tambayi mai ba da magani: kafin abinci ko bayansa?

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.