Gwajin Hali Wajen Ɗaukar Ma'aikata: Ina Amfaninsa Ya Tsaya?

A da, matashin Panshekara da ke neman aiki a majemun fata na Challawa, ko masana'antun roba na Sharada, ko can Bompai, abin da ake nema a wurinsa bai wuce takardar makaranta da dattijon da zai tsaya masa ba. Yanzu mai neman kujerar akawu ko kula da sito, musamman a babban kamfani, yana iya cin karo da jerin tambayoyi a takarda ko a waya: Kana son shiga taro? Kana da saurin fushi? Wannan shi ne gwajin hali.

Daga Amurka abin ya taso. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Woodworth ya tsara tambayoyi don gano sojojin da zuciyarsu ba za ta jure fagen fama ba. Wanda ya fi yawo a intanet a yau shi ne Myers-Briggs, da Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka haɗa a shekarun 1940 bisa littafin Carl Jung na 1921. Yana kasa mutane gida 16. Mutum kan yi shi yau, ya sake bayan 'yan makonni, ya faɗa wani gidan daban, kuma kamfanin da ke sayar da shi da kansa ya ce kada a ɗauki ma'aikaci da shi. Masana sun fi amincewa da mai auna halaye biyar: son sabon abu, tsare aiki, son cuɗanya, sauƙin kai, da yawan damuwa. Binciken Barrick da Mount na 1991 ya nuna cewa tsare aiki ne ya fi alaƙa da ingancin ma'aikaci a kusan kowace sana'a, amma ko shi ɗin alaƙar ba mai ƙarfi ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. An tarbiyyantar da yaro cewa ba a yabon kai, ba a haɗa ido da babba, sannan takarda ta ce ya faɗi ko shi shugaba ne nagari. Zai zaɓi amsar ladabi, sakamako ya fito wai ba shi da ƙarfin zuciya, alhali shi ne ke sasanta rigimar leburori a bakin get. Ga tambayoyin da Turanci, wani lokaci da salon maganar da ko a jami'a ba a koyarwa. Ba mu kaɗai ba ne: a 2013 an gwada ma'aunin halaye biyar ɗin a kan ƙabilar Tsimane ta Bolibiya, bai zauna daidai ba.

To, ɗan'uwa mai neman aiki, idan an miƙo maka, ka amsa da yadda kake a wurin aiki, ba yadda kake zama gaban surukinka ba. Kada ka yi ƙoƙarin zama mala'ika, domin akan maimaita tambaya ɗaya ta fuskoki daban don kama mai kwaskwarima. Kalmar da ba ka gane ba, tambaya. Idan kuma sakamakon ya zo hannunka, karanta ka ɗauki abin gyara, amma kada ka bar sana'ar da kake so don wata takarda ta ce ba ta dace da kai ba.

Kai kuma Alhaji mai masana'anta, gwajin zai iya nuna maka inda za ka zurfafa tambaya a ganawa, iyakarsa ke nan. Gani ya kori ji. Mai neman kula da sito, ba shi littafin kaya mai kuskure a ciki ka ga ko zai gano. Makaniki, kai shi gaban injin da ya tsaya. Yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, ka rubuta amsoshinsu, ka kira inda ya bari ka ji yadda ya riƙe amana, sannan ka ba shi 'yan watannin gwaji da albashinsa.

Don Allah kada ka mayar da ɗan mutane gida saboda sakamakon gwajin hali kaɗai, ba tare da ka ga aikin hannunsa ba.