Tawakkali Da Riƙon Sababi: Darasi Daga Banila Da Dabino

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, filebon banila da mata ke ɗigawa a kwaɓin kek, ko da yake yawancin na kanti kwaikwayo ne, asalinsa 'ya'yan wani tsiro ne mai yaɗo na ƙasar Meziko. Furensa yini ɗaya tak yake buɗewa. In ya yanƙwane ba a yi masa barbara ba, babu ɗa. Da aka kai shi wasu ƙasashe sai ya yi ta fure babu haihuwa, domin ƙwarin da ke yi masa barbara ba su bi shi ba.

A shekarar 1841, a tsibirin Riyuniyon, wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano dabara: a sa tsinke a ɗaga 'yar fatar da ta raba namijin furen da macen, a haɗa su da babban yatsa. Da ita manoman Madagaska, wadda ta fi kowace ƙasa noman banila, suke aiki har yau, fure bayan fure.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai dabino a Dutse. Dabino namiji daban, mace daban. Idan macen ta yi huda, sai ya hau ya ɗaura mata furen namiji, in ko ya yi sakaci amfani ya ragu.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tarar da mutanen Madina suna barbarar dabino, ya nuna bai zaci tana da amfani ba. Suka bari, dabinon bana ya lalace. Da aka sanar da shi, sai ya bayyana cewa zato ne ya yi, ba umurnin addini ba, ya kuma mayar musu da sha'anin sana'arsu.

Daga nan malamai suka fahimci cewa Allah ne Mai fitar da 'ya'yan itace, amma Ya rataya fitarsu ga sababi. Wanda ya naɗe hannu ranar da fure ya buɗe, ya kira lalacinsa tawakkali, ya zalunci iyalinsa. Mai tawakkali na gaskiya shi ne wanda ya hau dabinon, ya sauko, sa'an nan ya bar wa Ubangiji sauran.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya sa a dace, amin.