RUMBU UKU, HATSI ƊAYA: NAZARI KAN ZAƁE DA KAFA MA'ADANA MAI KWAFI GA GUNGUN KWAMFUTOCI

1.0 Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya tsoma baki cikin sha'anin injiniyoyi. Dalili kuwa shi ne, a shekarar da ta wuce na ɗauki hirar sa'a shida da wani dattijon maroƙi, na zuba ta a kwamfutar wata ma'adana, na koma gida hankali kwance. Bayan wata biyu faifan kwamfutar ya mutu, dattijon kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin in koma. Abin da ya rage mini sai ɗan abin da na rubuta a takarda.

Yau waƙoƙin makaɗa da hotunan rubuce-rubucen ajami da kundayen digiri duk suna komawa cikin kwamfuta. Saboda haka sanin yadda a ke tsare su ya zama wajibi a kanmu. Wannan maƙala za ta bayyana ma'anar ma'adana mai kwafi, da hanyoyi uku na kafa ta, da abin da ya kamata a duba kafin a zaɓi ɗaya.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. A zamanin nan a kan raba ƙarfin inji guda ga kwamfutoci da yawa waɗanda ba su da jiki, manhaja ce kurum ke kwaikwayon su. Za mu kira injin "gida", su kuma "'yan haya". Kowane ɗan haya yana da ɗakinsa da aikinsa: wannan na riƙe da kundin laburare, wancan na riƙe da muryoyin mawaƙa. In aka haɗa gidaje biyu ko fiye suna aiki tare, an sami "gungu". Manhajojin da ke wannan aiki sun haɗa da Proxmox VE, wadda ta fara fitowa a 2008 daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya.

Amfanin gungu shi ne, in gida ya rushe, ɗan haya ya koma maƙwabta ya ci gaba da aiki. To, amma ina kayansa? In a cikin rusasshen gidan kaɗai su ke, ƙaura ba ta da amfani. Wannan ne ya kawo ma'adana mai kwafi, watau tsarin da ke rubuta abu ɗaya a faifan gidaje daban-daban.

Kada a rikita wannan da RAID, dabarar da Patterson da Gibson da Katz suka bayyana a Jami'ar Kalifoniya ta Bakli a 1988. RAID na yin kwafi tsakanin faifai na cikin inji ɗaya. Yana maganin mutuwar faifai, amma in injin kansa ya ƙone, aiki ya tsaya.

3.0 Iri Biyu na Kwafi

Na farko shi ne kwafin nan-take. Ba a ce wa ɗan haya "an rubuta" sai abin ya sauka a ɗaya gidan. Fa'idarsa ita ce ba a asarar abin da aka riga aka tabbatar. Illarsa kuwa, kowane rubutu sai ya jira hanyar sadarwa, don haka in hanyar ba ta da sauri, kowa ya ji a jikinsa.

Na biyu shi ne kwafin bi-baya. A kan rubuta a gida ɗaya, sa'an nan lokaci-lokaci a aika wa maƙwabci abin da ya sauya. Yana da sauƙi da arha, sai dai duk abin da aka rubuta bayan aiken ƙarshe yana iya salwanta. Tambayar da za a fara amsawa ke nan: aikin minti nawa za mu iya jure rasawa?

4.0 Hanyoyi Uku

4.1 ZFS

Kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da ZFS a 2005. Yana ɗaukar hoton halin da faifai ke ciki, ya aika bambancin da ke tsakanin hoton baya da na yanzu. A Proxmox, in ba a sauya ba, a kan yi aiken kowane minti 15, ana kuma iya rage shi zuwa minti 1. Kwafin bi-baya ne, gida biyu sun isa. Ga ma'adanar sashe irin namu, inda a ke zuba kaya jefi-jefi, a ke yawan sauraro da karantawa, asarar minti 15 ba ta kai a ɗaga hankali ba.

4.2 DRBD

Wannan ma daga Biyana ya fito, kamfanin LINBIT ke kula da shi, ya kuma shiga zuciyar Linux a fitowar 2.6.33 ta shekarar 2010. Aikinsa kamar madubi ne tsakanin faifan gida biyu. Yana da ƙa'idoji uku, A da B da C. Ta C ita ce nan-take sosai, domin ba ta amsawa sai faifan can ya karɓa. Ya dace da inda rubutu ba ya yankewa, alal misali rajistar ɗalibai ko lissafin kuɗi.

4.3 Ceph

Sage Weil ne ya assasa shi a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Kurus, wanda ya kammala a 2007. Ceph na tattara faifan dukkan gidaje su zama rumbu guda, ya yayyanka kaya ƙanana-ƙanana ya rarraba. Bisa al'ada kwafi 3 ya ke ajiyewa, kowanne a gida daban, kuma yana ci gaba da karɓar rubutu muddin 2 na raye. In faifai ya mutu, shi da kansa ya ke sake gina abin da ya ɓata. Sai dai yana da ci: gida 3 aƙalla, da hanyar sadarwa mai gigabit 10, da wajen gigabait 4 na ƙwaƙwalwa ga kowane faifai, da ma'aikacin da ya san makamarsa.

5.0 Matsalar Rabuwar Kai

Masu iya magana sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. A ɗauka gida biyu ne, sai wayar da ke tsakaninsu ta tsinke. Kowanne zai zaci ɗan'uwansa ya mutu, ya tayar da ɗan haya ɗaya, ya shiga rubutu. In waya ta dawo, ga kwafi biyu masu saɓani, babu mai iya cewa ga na gaskiya.

Maganin wannan shi ne rinjaye. Kowane gida na da ƙuri'a, kuma ɓangaren da ke da fiye da rabi ne kaɗai ke da izinin aiki. A gida biyu, ƙuri'a 1 cikin 2 ba ta fi rabi ba, don haka mutuwar ɗaya kan tsayar da ɗayan. A gida uku, 2 cikin 3 sun wadatar. Wanda bai da halin sayen inji na uku sai ya sa wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta zama mai raba gardama: ba ta ɗauke da kaya, ƙuri'a kawai ta ke jefawa. Shi kuma gidan da ya rasa rinjaye dole ya kashe kansa kafin a tayar da 'yan hayarsa a wani wuri.

6.0 Matakan Kafawa

Na ɗaya, a yi lissafin wuri. A ce gida 3 ne, kowanne da faifai 4 masu terabait 2. Jimla terabait 24 ke nan. A raba uku saboda kwafi, saura 8. Ceph kan fara gargaɗi in faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari, ya daina karɓar rubutu a kashi 95. Ashe abin da za a dogara da shi bai kai terabait 7 ba. Har ila yau, in gida ɗaya ya mutu cikin ukun, babu inda za a gina kwafi na uku sai an gyara shi. Gida na huɗu ne ke ba da wannan dama.

Na biyu, a ware hanyar sadarwa. Gigabit 1 ba ya wuce megabait 125 a daƙiƙa, watau kwashe terabait 2 zai ci fiye da sa'a 4. A gigabit 10 bai kai rabin sa'a ba, in faifan sun iya bin sawu. Duk tsawon wannan lokaci kaya na cikin kasada. Bugu da ƙari, a raba wayar ƙuri'a da ta jigilar kaya, kada cunkoso ya sa gidaje su zaci juna sun mutu.

Na uku, a miƙa wa ZFS da Ceph faifai kai tsaye, ba ta bayan katin RAID ba, domin suna bukatar ganin lafiyar kowane faifai da kansu.

Na huɗu, a duba wuta. Gida uku da ke shan wuta daga soket ɗaya, a wajen ɗaukewar wuta gida ɗaya ne. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin batu ba ne. Kowane inji ya sami batirin da zai riƙe shi har janareta ya tashi, ko ya kashe kansa cikin tsari.

Na biyar, a daidaita agogon dukkan gidaje, domin Ceph kan yi ƙorafi da zarar sun saɓa.

Na shida, a yi gwaji, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a zuba kayan gaske, a zare wayar inji ɗaya da gangan, a ga ko 'yan haya sun ƙaura, a auna mintocin da abin ya ci, a rubuta.

7.0 Kwafi Ba Ya Maye Gurbin Ajiya

Duk wanda ya nazarci rubuce-rubucen ajami ya san cewa in magajin malam ya tsallake baiti, duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji kuskuren. Haka ma'adana mai kwafi ta ke. In wani ya goge fayil bisa kuskure, ko muguwar manhaja ta kulle shi, ɓarnar za ta bazu ga dukkan kwafin. Daɗin daɗawa, gidajen galibi a ɗaki ɗaya su ke. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Sitarasbog na Faransa, kuma waɗanda ba su da ajiya a wani wuri sun yi asarar kayansu.

Saboda haka a kan bi ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan mazubi iri 2, 1 daga ciki a wani wuri mai nisa. Wannan ajiyar ko-ta-kwana ita ma a riƙa gwada dawo da ita.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mai inji biyu da ƙaramin ƙarfi, wanda zai jure asarar 'yan mintoci, ZFS da mai raba gardama sun ishe shi. Wanda ba zai jure asarar ko rubutu ɗaya ba, ya dubi DRBD. Mai inji uku zuwa sama da hanya mai sauri da gwanin ma'aikaci, Ceph ne nasa. A ra'ayina, sashe irin namu ya fara da na farko, ya sa rarar kuɗin a ajiya ta nesa, domin tsarin da ma'aikacinmu zai iya gyarawa da tsakar dare ya fi wanda sai an kira baƙo.

Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su dubi kalmomin da na yi amfani da su, irin su "gida" da "ɗan haya" da "rinjaye", su gyara inda ya karkace. Kafin nan kuma, duk wanda ke da hirar wani dattijo a faifai ɗaya tak, ya daure ya yi mata kwafi yau.